Ruwan limfa ba shi da zuciya, to me ke hawa da shi daga tafin ƙafa zuwa wuya?

Wata ɗalibar aikin jinya ce ta aiko mini da tambaya. Ta ce an koya musu a aji cewa ruwan limfa, wato ruwan da ke tsattsafowa daga jini cikin nama ya koma ta jijiyoyinsa na dabam, ba shi da zuciyar da za ta harba shi kamar jini, motsin tsokar jiki da numfashi ne kawai ke tura shi. To in haka ne, in ji ta, majinyacin da ya yi mako guda a kwance ko juyi ba ya iya yi, me ya hana ƙafafunsa cika da ruwa tun daren farko? Kuma in da gaske ne jijiyoyin da kansu suke matsewa, kamar yadda ta ji wani malami ya ambata a gurguje, wa ke ba su umarni, kuma yaya aka yi aikinsu ba ya cin karo da juna?

'Yata, abin da aka koya muku gaskiya ne, amma ƙaramin ɓangarenta ne. Babban ɓangaren shi ne wanda malamin nan ya taɓa ya wuce. Na daɗe ina takaicin yadda muke tsallake shi a aji, domin wanda bai fahimce shi ba zai yi ta ɗaure ƙafar mai kumburi bai san abin da yake taimaka wa a ciki ba.

Ki fara duba girman aikin. Siraran jijiyoyin jini kamar sabuwar randa suke, kullum suna tsattsafo da ruwa da ɗan furotin cikin naman da ke kewaye da su. Tun daga aikin Ernest Starling na 1896 aka riƙa koyar da cewa mafi yawan ruwan nan yana komawa cikin jini nan take ta ɗaya bakin jijiyar. A 2010 Rodney Levick da Charles Michel suka tattara hujjojin da ke nuna cewa a galibin sassan jiki ba haka abin yake ba, ruwan da ya fita ta hanyar limfa yake dawowa. An ƙiyasta shi da kimanin lita 8 a rana, alhali ruwan jinin babban mutum gaba ɗaya, in an cire ƙwayoyinsa, bai wuce lita 3 da ɗoriya ba. Kusan rabin wannan ruwa, ƙullutun nan na hamata da matsematsi da sauran wurare, waɗanda in sun kumbura muke ce musu kaluluwa, su ke mayar da shi cikin jini a kan hanya. Saura kuma ya bi manyan bututu, mafi girmansu shi ne wanda ke ratsa ƙirji ya juye cikin jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Kuma tafiyar duk hawan tudu ce. Matsin ruwa a cikin nama ƙasa yake ƙwarai, na jijiyar wuyan da za a juye shi ya fi shi, ga mai tsaye kuma akwai nauyin ruwan kansa tun daga idon sawu har wuya, fiye da mita guda.

Jijiyoyin limfa iri biyu ne, kuma cakuɗa su ne ke kawo ruɗani. Na farko su ne 'yan siraran da ke cikin nama, masu rufaffen kai kamar yatsun safar hannu. Waɗannan ba su da tsoka ko kaɗan. Ƙwayoyin bangonsu sun hau kan juna kamar bunun jinka, ga kuma wasu zaruruwa da suka ɗaure su da naman da ke gefe. In nama ya kumbura sai zaruruwan su ja, 'yan kafofi su buɗe, ruwa ya shiga, in an matsa kuma su rufe. A nan maganar ajinku ta yi daidai ɗari bisa ɗari: motsi daga waje ne ke cika su yana zubar da su.

Daga nan ruwan ke shiga iri na biyu, masu tattarawa. Su kam suna da tsoka a bangonsu, kuma a cikinsu akwai bawul jere da juna, kowanne da ganye biyu, yana buɗewa ta gaba kawai. Ki ɗauko sandar rake ki duba gaɓoɓinta, to haka suke. Tsakanin bawul da bawul gaɓa guda ke nan, wadda masanin nan Hans Mislin ya raɗa wa suna limfanjiyon a 1961. Ni gaɓa zan ci gaba da ce mata. A jikin mutum tsawonta daga 'yan milimitoci ne zuwa santimita ɗaya ko biyu, kaurinta a ƙafa galibi bai kai milimita guda ba. Kowace gaɓa tana cika, ta matse, bawul ɗin baya ya rufe, na gaba ya buɗe, ruwa ya wuce, sannan ta saki ta sake cika. Ƙaramar zuciya ce sak. A cikin tantanin hanjin ɓera an auna an ga gaɓa na fitar da kusan kashi biyu cikin uku na ruwan da ke cikinta a bugu ɗaya, abin da ya yi kusa da na zuciyar mutum mai lafiya.

Ba yau aka san wannan ba. Gaspare Aselli ya ga fararen jijiyoyin nan a hanjin kare a Milan ta Italiya a 1622, Arnold Heller kuma ya bayyana yadda suke bugawa da kansu a jikin ɓeran Masar a 1869. Amma aikin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne na Waldemar Olszewski da Arnfinn Engeset a ƙasar Nowe, daga shekarun 1970 zuwa 1980. Sun zura 'yan siraran bututu cikin jijiyoyin limfa na ƙafar mutane masu lafiya suka auna matsi. Mutum na kwance shiru, sai ga matsi na tashi yana sauka sau kaɗan a minti, bai bi bugun zuciya ba, bai bi numfashi ba, kuma ruwan na tafiya ne daidai lokacin da jijiyar ta matse. Da suka toshe gabanta, matsin ya kai wajen 40 a irin ma'aunin da kuke auna hawan jini da shi. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka ƙiyasta cewa a ƙafar mutumin da ke hutawa, kusan kashi biyu cikin uku na aikin jijiyar ce ke yi da kanta, matsar tsokar waje kuma kashi ɗaya.

Wa ke ba da umarni? Babu kowa. In aka yanko jijiyar aka sa ta cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, aka ɗan cika ta, za ta yi ta bugawa sa'o'i, babu ƙwaƙwalwa, babu jijiyar saƙo. Agogon yana cikin ƙwayoyin tsokar kansu, kuma ya kamata ki san yadda yake tafiya domin magunguna da yawa a nan suke taɓawa.

Kowace ƙwayar tsoka tana riƙe da ɗan cajin lantarki, cikinta na ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 40. Tsakanin bugu da bugu wannan caji ba ya zama wuri ɗaya, a hankali yake hawa. Dalili kuwa, akwai rumbun kalsiyam a cikin ƙwayar, yana ta sakin kaɗan-kaɗan. Kalsiyam ɗin da ya fito sai ya buɗe wata ƙofa a bangon ƙwayar mai suna ANO1, wadda sinadarin kuloraid ke fita ta cikinta. Shi kuloraid cajin ƙasa yake ɗauke da shi, saboda haka duk fitarsa ɗaga cajin ciki take yi. In hawan ya kai wani mizani, sai wasu ƙofofin daban, masu suna Cav1.2, su buɗe gaba ɗaya, kalsiyam ya kwararo daga waje da yawa, tsoka ta damƙe. Daga nan ƙofofin fotasiyam su buɗe, caji ya koma ƙasa, tsoka ta saki, hawa ya sake farawa. Dirk van Helden na Ostareliya ne ya fara kama waɗannan ƙananan tashe-tashen caji a 1993. A 2019 kuma masu bincike a jami'ar Misuri ta Amurka suka cire ANO1 daga tsokar ɓeraye, sai bugun ya yi sanyi ƙwarai, kuma ko an ƙara wa jijiyar matsi da ƙyar take ƙara sauri.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni a duk lamarin. Gaɓa tana jin nauyin da aka ɗora mata. Noel McHale da Ian Roddie sun nuna haka a Belfas a 1976 da jijiyoyin limfa na hanjin shanu: da an ƙara cika jijiyar, sai ta ƙara sauri ta kuma ƙara yawan abin da take turawa. Haka kuma in matsin da ke gabanta ya ƙaru, kamar lokacin da mutum ya miƙe tsaye, sai ta ƙara ƙarfin damƙa. Ba a buƙatar gaɓa ɗaya ta ɗaga ruwa daga idon sawu zuwa wuya, kowace matakala guda take hawa da shi, bawul ya riƙe, ta gaba ta karɓa. Amma McHale da Roddie sun ga wani abu kuma: ƙarin yana da iyaka. In cikar ta wuce wani matsayi, jijiyar na ci gaba da bugawa da sauri amma abin da take fitarwa raguwa yake yi. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai batun haɗa kai, inda mutane da yawa ke da hoton da ba daidai ba a ransu. Sukan zaci kamar leburori ne a wajen zuba dakin, wannan ya miƙa wa wancan kwano, wancan ya miƙa gaba, ɗaya bayan ɗaya. Abin ya fi kama da tafin gaɗa a dandali. Yarinya ɗaya ta fara, kafin ki ƙifta ido duk da'irar ta ɗauka, kuma ba a naɗa kowa shugaba ba.

Ga yadda yake faruwa. Ƙwayoyin tsokar suna manne da juna, kuma tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai 'yan kafofi, irin kafar da maƙwabta ke hudawa a katanga don miƙa wa juna wuta ko gishiri. Wasu furotin da ake kira konekzin ne ke gina su. In ƙwaya ɗaya ta kai mizani ta tashi, cajinta na malala ta kafofin nan ya ingiza maƙwabtanta su ma su kai, su kuma su ingiza na gaba. A jijiyar ɓera wannan igiyar caji mai bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya na gudun kimanin santimita guda a daƙiƙa, gaɓarsa kuwa wajen milimita guda ce, damƙa kuma takan ɗauki daƙiƙa ko fiye. Saboda haka gaɓoɓi da dama a jere kusan tare suke matsewa, su juye ruwansu cikin sashen gaba da ke a sake.

Kowane wuri a jikin tsokar yana iya fara tafin. Wanda ke jan ragama shi ne wanda cajinsa ya fi saurin hawa, domin yana riga sauran kaiwa, kuma duk ƙwayar da igiyarsa ta tayar dole ta koma ƙasa ta faro hawanta daga tushe. Kafin ta kai da kanta, ya sake rigan ta. Tun da kuma cika ce ke ƙara saurin hawa, wurin da ruwa ya fi taruwa shi ya fi samun damar jan sauran. In yanayi ya sauya, jagoranci ya koma wani wuri. Shi ya sa in kina kallon jijiya a madubin ƙara girma za ki ga wani lokaci igiyar ta bi hanyar ruwa, wani lokaci kuma ta yi baya. David Zawieja da abokan aikinsa sun auna wannan a ɓeraye a 1993. Ko igiyar ta yi baya, ruwa gaba yake yi, domin bawul ba ruwansa da inda tafi ya faro, matsi kawai yake bi. Igiyar kuma ba ta ratsa jiki duka. Takan mutu a mararrabar da jijiyoyi suka haɗu, ko a kan bawul inda tsokar ta yi ƙaranci, daga can wani jagoran ya ɗauka da nasa saurin.

A 2018 Jorge Castorena-Gonzalez da Michael Davis da abokan aikinsu, su ma a Misuri, suka warware wata tambaya: ta cikin tsoka saƙon ke bi ko ta shimfiɗar cikin jijiyar, wato siririn layin ƙwayoyin da ruwan ke gudu a kansa? A ƙananan jijiyoyin jini shimfiɗar ciki ce babbar hanyar saƙo, don haka an zaci nan ma haka ne. Da suka cire konekzin na shimfiɗar, igiyar ba ta fasa gudu ba. Da suka cire konekzin mai suna Cx45, wanda ke cikin tsoka, sai tafi ya watse: kowane ɗan yanki na bugun kansa a lokacinsa, kuma jijiyar ta rage ƙarfin tura ruwa in akwai matsi a gabanta. Su konekzin na shimfiɗa a wajen ƙera bawul aikinsu ya fi fitowa, kuma akwai iyalan da ke gadon kumburin ƙafa saboda tangarɗa a ɗaya daga cikinsu, Cx47.

Shimfiɗar tana da nata aikin dabam, birki ce. In ruwa na gudu da ƙarfi a kanta sai ta saki iskar naitirik oksaid, tsoka ta sassauta. Hikimar a fili take: in matsi daga baya ya riga ya isa ya tura ruwa, kamar sa'ad da aka ɗaga ƙafa sama, damƙa tare hanya kawai za ta yi, gara jijiyar ta buɗe ta zama bututu. Babban bututun ƙirji ya fi kowa jin wannan birki. Sai dai in wuri ya kamu da cuta, ƙwayoyin garkuwar jiki kan saki wannan iska fiye da kima, jijiyar ta saki jiki a lokacin da ruwa ya fi yawa. Jijiyoyin saƙo su ma suna sa baki, suna iya ƙara sauri, amma ba su ke kunna bugun ba.

Kin ji na ambaci Cav1.2, wataƙila amlodifin da nifedifin sun faɗo miki a rai, tun da irin wannan ƙofa suke toshewa, kuma kin ga masu hawan jini da ke shan su suna zuwa da kumburin idon sawu. Masu bincike a jami'ar Aarhus ta Denmak sun gwada wannan a 2014. A cikin kwanon gwaji nifedifin ya tsayar da bugun jijiyar limfa ta mutum, amma a jikin mutanen da suka sha adadin da ake ba marasa lafiya bugun bai tsaya ba. Babban dalilin kumburin shi ne maganin na buɗe ƙananan jijiyoyin jini, randa ta ƙara tsattsafo. Kada ki bar majinyaci ya daina magani da kansa saboda wannan, a mayar da shi wurin likita a duba.

Inda wannan ilmi ya fi yi mana amfani shi ne wajen masu tundurmi. Sauro ne ke ɗauko tsutsar Wuchereria bancrofti, ta girma ta zauna a cikin jijiyoyin limfa shekara 6 zuwa 8. A 1994 likitoci a Resife ta Burazil suka ga tsutsotsin da na'urar hoton ciki suna ta mutsu-mutsu a cikin jijiyoyin da suka buɗe. Mutane kan ce tsutsa ta toshe hanya, amma ɓarnar farko buɗewa ce. Ki tuna iyakar da McHale da Roddie suka gani. Jijiyar da ta buɗe fiye da kima tsokarta ba ta iya damƙa sosai, ganyen bawul ɗinta kuma ba sa haɗuwa sai da matsi mai yawa daga gaba, sai ruwa ya riƙa komawa baya ya ƙara buɗe gaɓar da ke ƙasa. Ruwa mai furotin ya kwanta a nama, ƙwayoyin cuta su shiga ta tsagar tsakanin yatsu, zazzaɓi da jan fata su taso, kuma kowane tashi yana ƙara kashe tsokar yana mayar da ita tabo. Rabon ibamektin da albendazol ya sa a 2017 aka sanar da kawar da cutar a matsayin barazana ga jama'a a jihohin Filato da Nasarawa, abin farin ciki ne ƙwarai. Amma maganin yana katse yaɗuwa ne, ba ya mayar da bawul ɗin da ya lalace. Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura yana hannunku har yanzu. Haka wadda aka cire wa ƙullutun hamata saboda sankarar mama, da manoman tsaunukan Habasha da Kamaru da jar ƙasa ke ɓata wa jijiyoyi saboda tafiya ba takalmi.

Yanzu kowace shawara da kuke bayarwa za ki ga dalilinta. Wanke ƙafa da sabulu kullum da busar da tsakanin yatsu, don a tsare tsokar da ta rage ne. Bandeji yana rage tsattsafowa, yana kuma tallafa wa jijiyar da ta buɗe har ganyen bawul su kusanci juna, shi ya sa ake ɗaure shi da ƙarfi a ƙasa a sassauta yayin hawa. Tausar limfa da taushin hannu ake yin ta, a fara daga sama a buɗe wa ruwa wuri kafin a sauko, domin gaɓa ba ta iya juyewa cikin wadda ke cike. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda na sha ganin an ɗora mai irin wannan kumburi a kan maganin sa fitsari wata da watanni. Yana jan ruwa daga jini, furotin kuwa yana nan kwance a nama, famfon da ya gaza bai samu komai ba.

Majinyacinki na kwance, abu biyu ne suka tsare shi. Gaɓoɓinsa na bugawa ko ya motsa ko bai motsa ba, kwanciya kuma ta sauke musu nauyin hawa ta rage tsattsafowa a ƙafa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne na zaune, ƙafa a rataye ba motsi, kamar mai keken guragu ko fasinjan da ya kwana a mota daga Kano zuwa Legas: tsattsafowa ta ƙaru, taimakon tsokar ƙwauri ya ɗauke, an bar gaɓoɓi su kaɗai da tudu. Shi na kwancen, in ruwa zai taru masa, ki duba ƙugu da gadon baya, can ne ƙasa a gare shi. In kuwa kika ga ƙafarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da zafi ko ciwo, kada ki tausa kada ki ɗaure, ki kira likita a duba ko jini ne ya daskare a jijiya.